A Ji Bayani Kafin a Dangwala Yatsa

Lacca a kan aikin ido, domin cibiyoyin yaƙi da jahilci na Hawandawaki da kewaye

 

Maganar yau ta ido ce. Da wuya a shiga gari a ƙasar Hawandawaki ba a ga tsoho ko tsohuwa da jika ke ja da sanda ba. Daga nan har Korgom, har Tasawa, har Mayahi, labarin ɗaya ne. Da yawa cikin waɗannan bayin Allah aikin likita yana iya maido masu da gani. Amma kafin likita ya taɓa idon mutum, akwai wata takarda da ake miƙo mashi. Sai a ce ya sa hannu, ko ya dangwala yatsa. Ita ce takardar yarda.

Wasu suna tsoron wannan takarda. Suna zaton wanda ya dangwala ya sallama ranshi ke nan, ko me ya faru babu mai tambaya. Wasu kuma ko a jikinsu. Suna dangwalawa kamar yadda ake yi wurin rabon taki. Duka biyu ba su gane ta ba.

Takardar shaida ce. Tana nuna cewa an yi wa mai ciwo bayani, ya ji, ya gane, ya kuma yarda da kanshi, babu tilas. Bayani shi ne gaba, dangwale yana biye. In an dangwala ba a yi bayani ba, an ɓata tawada ne kawai. Kuma takardar ba ta ɗauke wa likita nauyin da ke kanshi. Ko an sa hannu sau goma, dole ne ya yi aiki da tsabta da kulawa.

Wane ciwo ne, kuma me aikin zai gyara?

Wannan ita ce tambaya ta farko. Ciwon ido ba iri ɗaya ba ne, aikin ma ba iri ɗaya ba ne.

Akwai yana. A cikin ido, bayan baƙin nan da ake gani, akwai wani ɗan madubi mai haske. In shekaru sun ja, sai ya fara dushewa, kamar hazo ya rufe gari. Daga baya ya yi fari. Yana ita ce ta fi kowane ciwo makanta mutane a duniya. Babu maganin ɗigawa da ke wanke ta, babu kwallin da ke cire ta, babu sassaƙen da ke narkar da ita. Aiki ne kaɗai. Likita yana yin ɗan ƙaramin yanka, ya fitar da madubin da ya lalace, ya sa na roba mai haske a gurbinshi. Na robar bai fi girman farcen ƙaramin yatsa ba. Wani likitan Ingila mai suna Harold Ridley ne ya fara sa irinshi a birnin Landan a 1949. Ashe ba sabon abu ba ne da za a gwada a kan talaka.

Ana ta faɗin cewa wai ana ƙwaƙulo ido a ajiye a faranti, ko a sa wa mutum idon akuya. Wannan zancen bakin kasuwa ne. Ido yana nan wurinshi, ba a fiddo shi. Ana yin allurar kashe zafi a gefen ido. Mutum yana farke, yana jin maganar likita. Yawanci aikin bai kai rabin awa ba. Washegari a kwance ɗaurin.

Akwai kuma ciwon gira. Asalinshi amadari ne da ya daɗe yana kama mutum tun yana yaro. Fatar ido ta yi tabo daga ciki, ta lanƙwashe, gashin ido ya koma yana sukar ƙwayar ido dare da rana. Ya fi kama mata, domin su ne ke tare da yara masu kwantsa. Binciken da aka yi a Nijar tsakanin 1997 da 1999 ya nuna jahohin Damagaram da Diffa da Maraɗi ne suka fi fama da amadari. Shi ya sa ma'aikatar lafiya, ta hannun shirin kula da lafiyar ido na ƙasa, da taimakon ƙungiyoyi irin su Cibiyar Carter da Helen Keller, ta horar da ma'aikata masu aikin gira. Suna yin shi a gidan likita na karkara, wani lokaci ma a cikin gari. Aikin gira a fatar ido ake yin shi, ba a shiga ƙwayar ido. Yana hana suka, yana hana makanta ta ci gaba. Amma hakiyar da ta riga ta fito ba ta gogewa. Kuma wani lokaci gashin yana sake juyawa ciki, sai an koma. Ya kamata a gaya wa mace wannan tun kafin ta kwanta.

Na uku ya fi su wuyar bayani. Likitoci suna ce mashi gulokoma, wasu kuma hawan jinin ido. Ruwan cikin ido ne ke matse jijiyar gani, yana kashe ta sannu a hankali. Abin da ya mutu ya mutu. In an yi aiki, ana yi ne domin a tsare ɗan ganin da ya rage. Mutumin da ba a yi wa wannan bayani ba zai kwanta yana tsammanin gobe zai ga jikokinshi tangaran, kamar maƙwabcinshi da aka cire wa yana. In bai gani ba sai ya ce likita ya cuce shi. Ya koma gida ya hana mutum goma zuwa asibiti. Laifin na rashin bayani ne, kuma gari duka ne ke biyan shi.

Gaskiya mai ɗaci ma a faɗe ta

Aikin yana yana da kyau ƙwarai. Mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa gona da kasuwa da ƙafarsu. Amma babu aikin da ba ya da haɗari. Ƙwayoyin cuta suna iya shiga ido bayan aiki. Ba kasafai hakan ke faruwa ba, amma in ya faru aka yi jinkiri ido na iya lalacewa. Wani, bayan an cire yanar, sai a tarar akwai wani ciwo a can bayan ido wanda yanar ta ɓoye. Wani kuma sai ya gani da kyau, bayan watanni ko shekaru hazo ya dawo kaɗan. Wannan ana share shi da na'ura mai haske a manyan asibitoci, ba tare da yanka ba. Da yawa kuma za su buƙaci tabarau domin karatu ko ɗinki.

Hukumar Lafiya ta Duniya ta sa ma'auni a 1998. Ta ce cikin idanu 100 da aka yi wa aikin yana, aƙalla 80 su gani da kyau, waɗanda ba su amfana ba kuma kada su kai 5. Wannan buri ne da ake so kowane asibiti ya kai. Ko a cikin burin ma ba a ce 100 bisa 100 ba. Saboda haka duk wanda ya rantse cewa aikinshi ba ya kuskure, a yi hankali da shi. Likitan kirki yana faɗin alherin aiki, yana faɗin haɗarinshi, yana kuma faɗin abin da zai faru in an ƙi yi.

A ɗauki misali. Wata tsohuwa ce ɗanta ya kai ta asibitin Tasawa. Ɗan yana zuwa karatun manya. Aka duba ta, aka ce yana ce a ido biyu, aka miƙo takarda. Tsohuwa ta miƙa yatsa.

Ɗan ya ce: “Dakata, Inna. Likita, don Allah a yi mata bayani da Hausa. Wane ido za a fara?”

Likita ya ce: “Na dama. Shi ya fi rufewa. Na hagu sai wannan ya warke.”

Tsohuwa ta ce: “Ɗan nan, za ni gani kuwa?”

Likita ya ce: “Inna, muna sa rai ƙwarai, domin idon yana gane haske. Amma ba na yi maki rantsuwa. Sai mun kwance gobe.”

Ta ce: “In na ce a bari fa?”

Ya ce: “Babu mai tilasta maki. Amma yanar ba za ta tafi da kanta ba. In ta daɗe ƙwarai tana iya kawo ciwo mai tsanani, aikin kuma ya ƙara wuya.”

Tsohuwa ta yi shiru. Can ta ce a bari ta kwana da maganar. Aka ba ta rana. Babu wanda ya yi mata tsawa, ɗanta ma bai ce ta kunyata shi ba. Ko ta dawo ta yarda, ko ta ƙi, an ba ta haƙƙinta.

Wasu suna jin nauyin yi wa likita tambaya. Suna ganin rashin kunya ne, ko kuma za a kore su daga layi. Ranar da likitocin ido suka sauka a gari, mutane suna yin yawa, kowa yana sauri. Duk da haka tambaya ba laifi ba ce. Hausawa sun ce matambayi ba ya ɓata. Yawancin takardun asibiti da Faransanci aka rubuta su. To, tun watan Maris na 2025 dokar ƙasa ta ce Hausa ce harshen ƙasa a Nijar. Babu kunya ga wanda ya ce a fassara mashi. In likita baƙo ne ba ya jin Hausa, a nemo tafinta.

A nan ne amfanin ɗan karatun manya yake fitowa. Mai yana ba ya ganin takarda, ko da malami ne. Yana buƙatar wani ya zama idonshi. Wanda ya koyi karatu zai duba ko sunan da ke takarda daidai ne. Zai rubuta amsoshin likita a littafinshi da Hausa: ido na dama, ɗigo sau kaza a yini, a dawo ran kaza. Ƙwaƙwalwa tana mantuwa a kan hanya, takarda ba ta yi.

Wa ke da ikon yarda?

Mai ido. Wannan ita ce amsa a taƙaice, amma tana buƙatar bayani.

Shawara da dangi abu ne mai kyau. Mace tana shawara da maigidanta, tsoho yana shawara da ƴaƴanshi. Su ne za su biya kuɗin mota, su ne za su yi jinya. Amma shawara daban, yarda daban. Ba daidai ba ne a bar mace a waje a kan tabarma, a shiga da miji shi kaɗai a gama magana. Ita za ta kwanta, a idonta za a yi aiki, ita ya kamata ta ji da kunnenta ta amsa da bakinta. Haka kuma maigidan da ya hana matarshi aikin gira, wai babu mai daka da ɗebo ruwa na ƴan kwanaki, ya yi lissafin banza. In ta makance, wa zai yi dakan har abada?

Tsoho ma ba yaro ba ne. Rashin gani ba rashin hankali ba ne. Akwai ƴaƴan da ke ɗauko mahaifinsu su ce za a duba shi kawai, sai ya ji shi kan gadon aiki. Niyyarsu mai kyau ce, amma hanyar ba ta da kyau. Akwai kuma masu cewa: “Baba ya tsufa, me zai gani kuma?” Su ma sun yanke hukuncin da ba nasu ba. A tambayi Baba.

Yaro ƙarami iyayenshi ne ke yarda a madadinshi. In an ga fari a tsakiyar idon jariri ko yaro, kada a jira ya girma. A kai shi nan da nan, domin idon yaro da bai koyi gani da wuri ba yana wuyar koya daga baya, kuma wani farin alama ce ta ciwo mai haɗari. Yara ana sa su barci kafin aiki, shi ma wannan sai an yi wa iyaye bayaninshi. Wanda hankalinshi ya gushe kuwa, na kusa da shi mai kula da shi ne zai tsaya mashi.

Mutum yana iya yarda yau, gobe ya fasa, muddin ba a fara aiki ba. Yana iya cewa yana son wani likita ya sake duba shi. A Maraɗi akwai asibitin ido na Makka, tafiyar kilomita kamar 120 daga Tasawa. Masu hali suna zuwa har asibitin ido na ECWA a Kano. Macen da ta ƙi aikin gira ma ba a korar ta. Ana iya nuna wa wani na gida yadda zai riƙa cire gashin da matsefata mai tsabta, kafin ta sake shawara.

Shi ma mai ciwo akwai gaskiyar da ke kanshi. Ya faɗi in yana da ciwon sukari ko hawan jini. Ya faɗi in yana tari, domin tari a tsakiyar aiki haɗari ne. Ya nuna duk maganin da yake sha. In an taɓa ɗiga mashi ruwan ganye ko wani haɗi a ido, ya faɗa, kada ya ɓoye don kunya. Likita ba alƙali ba ne.

Masu tura yana

Akwai masu yawo gari gari, suna cewa suna cire yana ba tare da asibiti ba. Abin da suke yi shi ne su soka tsinke a ido, su tura madubin da ya yi fari ya faɗa can ciki. Nan take haske ya shiga. Mutum ya ce ya ga hannu, jama'a su yi ta mamaki, a biya kuɗi ko a ba da akuya. Amma yanar tana nan cikin ido, ba ta fita ba. Babu sabon madubi a gurbinta, saboda haka gani ba ya daidaita sai da tabarau mai kauri. Bayan kwanaki ciwo na iya tashi, ido ya yi ja, ya mutu. Lokacin mai tsinke ya yi nisa.

A Najeriya an yi babban binciken makanta tsakanin 2005 da 2007. Cikin idanu 10 da aka tura wa yana ta wannan hanya, fiye da 7 an same su ba su gani. Mai tsinke ba ya faɗin wannan. Ba ya ba da takarda, ba ya ba da ranar dawowa, babu kuma ƙofar da za a je a buga mashi. Takardar nan da ake tsoro a asibiti, ita ce ke nuna akwai wanda za a koma wa.

Kuɗi da lokaci

Kafin a dangwala a tambayi kuɗi. Wani aikin kyauta ne, kamar aikin gira na gwamnati da aikin yana da ƙungiyoyin agaji ke kawowa lokaci lokaci. Wani kuma na biya ne. Ko an ce kyauta, a tambaya: har da maganin ɗigawa? Har da tabarau? In baƙin likitoci sun tafi, wa zai duba mutum, kuma a ina? Wannan tambaya ta ƙarshe kada a manta da ita. In an karɓi kuɗi a ba da rasit.

A tambayi kuma abin da za a bari bayan aiki, domin manomi ya san yadda zai tsara aikinshi. Sabon ido ba ya son ƙura da hayaƙi. Sussuka da shiƙa da sharar gida da hura wuta duk sai an dakata na ƴan makonni. Ba a ɗaukar kaya mai nauyi. Ba a sa kwalli. Ba a murza ido. Wurin alwala da wanka ba a barin ruwa ya shiga idon sai likita ya ba da izini. Maganar sujada ma a yi ta da likita, ya faɗi kwana nawa za a yi salla a zaune in da buƙata. Macen da ta san haka tun farko za ta nemi ƴar uwa ta riƙe mata girki. Maganin ɗigawa kuwa yana kai wata guda ko fiye, kuma ba a raba shi da maƙwabci.

Ranar aiki, ma'aikaci zai sake tambayar mutum sunanshi, da idon da za a yi wa aiki, da ko ya yarda. Kada a ji haushi. Ƙa'ida ce da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2008 domin dukan ɗakunan aiki. A layi ɗaya ana iya samun Abdu uku da Hadiza huɗu. Mutum ya faɗi sunanshi da na mahaifinshi da garinshi. Ya ɗora yatsa a kan idon da aka ce. In ya ga ana shirin rufe wanda ba shi ba, ya yi magana da ƙarfi.

Bayan an koma gida, ɗan ƙaiƙayi da hawaye na kwana kaɗan ba abin tsoro ba ne. Amma in ciwo yana ƙaruwa, ko ido ya yi ja sosai, ko yana fitar da mugunya, ko ganin da aka samu ya fara raguwa, ba a jiran ranar da aka rubuta, ba a jiran ranar kasuwa a sami mota. A kama hanya ran nan, da takardun asibiti da kwalbar magani a hannu. Gidan likita na Hawandawaki zai ba da takardar zuwa Tasawa.